Idan ƙeyar jariri ta baje: laifin mai raino ne?

Ni ke zagaya ƙungiyoyin adashe shida, huɗu a cikin garin Sabon Birni, biyu a Isa. Aikina littafi ne da akwati: in duba zubi, in duba rance, in tabbata makullai uku suna hannun mata uku. Ban taɓa zaton maganar kan jariri za ta shigo cikin aikin ba, sai ranar da wata 'yar ƙungiya ta zo taro idonta jajir, ta ce a yafe mata, ba za ta iya ci gaba ba.

Wata biyu kafin nan ta karɓi rance ta sayi gyaɗa, tana matsar mai tana toya ƙuli-ƙuli. Aikin wuta ne, ba a yin sa da goyo, shi ya sa ta riƙa kai ɗanta gidan wata dattijuwa mai riƙe 'ya'yan masu sana'a daga hantsi zuwa la'asar. Yaron na da wata huɗu uwar mijinta ta ɗauke shi, ta shafa kansa, ta ce: "Ke ɗiyar ga, mi kunka yi ma yaron ga? Ga ƙeya ta baje kamar faifai, ga gashi ya ƙare. Wanga aikin gidan da kike yada shi ne." Maigidan ya ce daga ranar a bar sana'a. Ga rance bai gama biyuwa ba, ga gyaɗa a ɗaki.

Na ce mata ta bari tukuna. Washegari muka kai yaron wurin jami'ar lafiya mai yin rigakafi, ta auna kansa, ta juya wuyansa dama da hagu, ta zauna ta yi mana bayani. Daga baya na ji irin wannan kuka a ƙungiyoyi uku, shi ne na ga gara in rubuta abin da na koya.

Dalilin da abin ya yawaita ba ɓoyayye ba ne. Da, a gidan gandu, jariri ba ya daɗewa a ƙasa. Kaka ta ɗauka, gwaggo ta goya, yayarsa ta yi masa wasa. Tun da rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyuka, wasu suka shigo gari, wasu suka ƙetare zuwa yankin Gidan Runji a jihar Maradi, hannuwan nan sun ragu. Yanzu mace ɗaya ce da yara biyar ko shida. Mai kuka shi ake ɗauka. Mai haƙuri kuwa sai ya wuni a kan tabarma yana kallon wuri ɗaya.

Yadda ƙoƙon kan jariri yake

Ƙoƙon kan jariri ba ƙashi ɗaya ba ne. Ƙasusuwa ne da yawa masu laushi waɗanda ba su gama haɗewa ba, don ya iya fitowa wurin haihuwa, kuma ƙwaƙwalwa ta sami wurin girma. Maɗigar da kike gani tana bugawa a tsakiyar kai, mahaɗarsu ce. Akwai wata ƙarama a baya da ke rufewa wajen wata 2, ita kuwa babbar takan kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wani yaron ma har kusan biyu.

To, abu mai laushi idan ya daɗe a kan gefe ɗaya sai ya ɗauki siffar wurin. Mai noman kankana ya san wannan, gefen da ya kwanta a ƙasa shi ke bajewa. Jariri kafin wata 4 wuyansa bai yi ƙarfin da zai riƙa juya kai yadda yake so ba. Idan kullum ƙeyarsa ce a ƙasa, ƙeyar ta baje. Idan kullum gefe ɗaya yake kallo, wajen ƙofa ko wajen da hasken yake, sai gefen nan ya baje, har ki ga kunnen gefen ya ɗan matso gaba. Bakwaini da tagwaye sun fi saurin samun haka. Abin yakan fi fitowa wajen wata 4, ya soma gyaruwa idan yaro ya fara zama da rarrafe.

Abin da ya kwantar mana da hankali shi ne, irin wannan bajewar ba ta danne ƙwaƙwalwa, ba ta hana ta girma. Ba maita ba ce, ba kambun baka ba ne, ba kuma alamar an doki yaro ba ce.

Shi kuwa sanƙon ƙeya ya fi sauƙi. Gashin da aka haifi jariri da shi yana zubewa da kansa a watannin farko, ko an aske shi ranar suna ko ba a aske ba. Ga yaro yana goga ƙeya a shimfiɗa yana juya kai. Sai wurin ya yi fili, sumul, babu ƙuraje. Da ya fara zama gashin zai dawo. Ba ya bukatar magani, kuma sake aski ba ya sa shi saurin tsirowa. Amma ki duba fatar da kyau. Idan wurin ya yi zagaye yana ɓarewa kamar gari, ko ya yi ja yana ruwa, mai yiwuwa makero ne, a kai asibiti, kuma kada a haɗa masa mataji ko hula da sauran yara. Idan kuwa gashin kan duka ne ya yi laushi ya yi ja-ja yana tsigewa, yaron yana ramewa ko ƙafafunsa sun kumbura, wannan tamowa ce, ba ta jira.

Kada a kifa shi ya yi barci

A nan nake so mu tsaya, don a nan ake kuskure. Da mata sun ji kwanciyar rigingine ce ke baje ƙeya, sai su ce to a riƙa kifa shi. A'a. Jaririn da ya yi barci rub da ciki yana cikin haɗarin mutuwar fuji'a, irin wadda uwa ke tashi ta iske yaro ya rasu ba ciwo ba komai. A Amurka likitocin yara sun ba da shawara a 1992 cewa a daina kwantar da jarirai rub da ciki, aka yi gangami a kai daga 1994, irin wannan mutuwa ta ragu da kusan rabi. Bayan haka su ma sun ga masu bajajjiyar ƙeya sun ƙaru, amma ba su janye shawarar ba, don ƙeya tana gyaruwa.

Saboda haka barci rigingine, a shimfiɗa mai tauri, cikin gidan sauro, babu matashin kai, babu tarin tsummoki kusa da fuskarsa. Kada a naɗe zane a tokare masa kai don ya tsaya gefe ɗaya. Gyaran ana yin sa ne lokacin da idonsa biyu.

Idan ya farka, ya sha nono ya ɗan lafa, ki shimfiɗa zane mai tsabta ki kifa shi a kai kina zaune kusa. Da farko minti biyu ko uku ya isa, sau biyu ko uku a wuni, a riƙa ƙarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2019, ta ce jaririn da bai fara rarrafe ba ya samu aƙalla minti 30 na irin wannan kwanciyar a wuni, a rarrabe. Zai yi ƙorafi da fari. Ki kifa shi a ƙirjinki ko a cinyarki, duk ɗaya ne. Wannan ke ƙarfafa wuya da kafaɗa. Da ya soma gyangyaɗi, a mayar da shi rigingine.

Sai sauya masa wurin kallo. Yau kansa wajen gabas, gobe wajen yamma, don ya juyo ta ɗaya gefen idan yana neman ƙofa ko muryar mutane. Wurin shayarwa ma a riƙa sauya hannu.

Goyo kuwa, gadonmu ne kuma yana taimakawa ƙwarai, don ƙeya ba ta taɓa komai. Sai dai a lura da kuncin da yake kwantarwa a baya, a riƙa juya shi. Kuma kada ya wuni a ɗaure. Hukumar ta ce kada ya wuce awa ɗaya a lokaci guda, a sauke shi ya miƙe gaɓoɓinsa.

Na san iyayenmu suna gasa kan jariri da tsumma da ruwan zafi suna mulmula shi wai ya yi kyau. Ina girmama su, amma gaskiya dannawar minti biyar ba ta gyara abin da kwanciyar wuni guda ta yi, ga haɗarin ƙuna. Tsawon kan da ake haihuwar wasu da shi kuwa, da kansa yake komawa cikin 'yan kwanaki ko makonni. Wata ta nuna mini hoton wata hular roba a waya, wadda ake sa wa jarirai a Turai. Ko can ɗin, wani bincike da aka yi a Holan a 2014 ya iske waɗanda aka sa wa hular ba su fi waɗanda ba a sa wa ba. Kada ki ci rance don wannan.

Lokacin da ya zama dole a je asibiti

Kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki da tsadar mota, ba za a ce kowane abu sai Sakkwato ba. Amma akwai alamomin da ba a zama da su.

Idan maɗiga ta faɗa ciki, yaro yana zawo ko amai, ruwan jikinsa ne ya ƙare. Shafa mata wani haɗi ba ya ɗago ta. A ci gaba da ba shi nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, a kai shi a ranar. Idan kuma ta kumburo ta yi tauri alhali ba kuka yake ba, ga zazzaɓi, ko ya ƙi nono, ko yana shiɗewa, a yi tunanin sanƙarau, ko da tsakar dare ne a nemi asibiti mafi kusa. Idan kan yana girma da sauri fiye da jiki, jijiyoyi sun fito, idanu suna kallon ƙasa, wannan taruwar ruwa ce a kai.

Akwai kuma yaron da kansa ke karkata gefe ɗaya kullum, ko an kira shi ta ɗaya gefen ba ya iya juyowa sosai. Jijiyar wuyansa ce ta ɗaure, kuma ita ke jawo bajewar. Akwai motsa wuya da ma'aikacin lafiya zai koya miki, kada ki murɗa da kanki. Sai wanda ba kasafai ake samu ba, kamar ɗaya cikin jarirai 2,000 zuwa 2,500: ƙasusuwan kan su haɗe tun lokaci bai yi ba. Shi wannan tun haihuwa siffar kan take daban, tana ƙaruwa ko an sauya kwanciya, wani lokaci ki ji tudu mai tauri a tsaye kamar kunya. Irin wannan daga babban asibitin Sabon Birni ko na Isa ake tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ake da likitocin tiyatar kai.

Hanya mafi sauƙi ita ce ranar rigakafi: mako 6, mako 10, mako 14, da wata 9. Ki ce a zagaya kansa da tef a rubuta a kati. Jariri yakan zo duniya da kai wajen santimita 34 zuwa 35, kuma jerin awon ne ke nuna ko girman yana tafiya daidai. Idan ya kai wata 4 bai riƙe wuya ba, ko wata 9 bai zauna ba, ki faɗa musu.

Magana da mai raino

Kada ki je mata da faɗa. Yaron nan da dare a wurinki yake kwana, awa goma ko fiye, ƙeyarsa a shimfiɗarki. Rabin abin a gida yake faruwa. Mu da muka je wurin dattijuwar, cewa muka yi: "Inna, likita ta ce a riƙa kifa shi idan ya farka, mun zo ki taimake mu." Ta ce: "Ai ni ban sani ba, ɗiyata. Na ga shi ba ya kuka, na ce a bar shi ya huta." Muka nuna mata sau ɗaya, ta iya.

Abin da ya kamata ki duba a gidan raino shi ne yawan jarirai a hannu ɗaya, da inda ake kwantar da su, da ko akwai gidan sauro, da nisansu da murhu. Ki kuma ja kunne kada a ba wanda bai kai wata 6 ba ruwa ko kunu. Idan wurin sana'arki kusa ne, ki riƙa leƙowa kina shayar da shi.

A ƙungiyar muka zauna muka yi shawara. Wannan tsari namu na akwati a Maradi aka fara shi a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, tare da ƙungiyar CARE, kuma mu ma muna da asusun taimako ban da na rance. Muka amince kuɗin motar kai jariri asibiti zai iya fitowa daga ciki. Mata huɗu masu kai 'ya'yansu gidan suka ƙara wa dattijuwar ɗan abin da suke ba ta, ta samu jikarta babba tana taya ta da rana bayan an taso makaranta.

Uwar mijin kuwa, tare muka koma da ita ranar awo na gaba, ta ji da kunnenta. Ita ta shawo kan ɗanta. Yanzu da safe yaron a bayanta yake, sai azahar a kai shi gidan raino. Matar ta biya rancenta da jinkirin mako uku, ƙungiya ta yafe mata tara. Da na ga yaron yana da wata 10, gashi ya rufe ƙeyar, gefen dama bai gama cikowa ba, amma sai wanda ya sani zai lura.