Hausawan Saudiyya: Daga Hanyar Hajji zuwa Birnin Riyad

Hausawi suna ne na dangi da dubban 'yan ƙasar Saudiyya ke ɗauke da shi a katinsu na zama ɗan ƙasa, kamar yadda wasu ke amsa Fallata ko Barnawi. Akasarinsu jikokin alhazai ne da suka taka da ƙafa daga ƙasar Hausa, suka ratsa Borno da Cadi da Sudan, suna yada zango suna noma ko ƙodago don neman guzuri, tafiyar da kan ci shekaru. Ayarin ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. A Makka da Madina da Jidda suka fara kafa gidaje. Riyad kuwa sai daga baya ta ja su, lokacin da kuɗin man fetur ya tara ma'aikatu da manyan ayyuka a babban birnin.

Fagen da sunan ya fi fita shi ne ƙwallon ƙafa. Usama Hausawi, haifaffen Makka, ya buga wa Al-Hilal ta Riyad, ya leƙa Anderlecht ta Beljiyam a 2012, sannan shi ne kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. A tawagar nan akwai Umar Hausawi na Al-Nassr, wadda ita ma ta Riyad ce, da Mu'utaz Hausawi na Al-Ahli: masu tsaron baya uku, sunan dangi ɗaya. Tun kafin su, mawaƙiya Itab, ita ma daga wannan zuriya, wadda ta rasu a Masar a 2007, ta yi tashe a zamanin da waƙar mace a bainar jama'a ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar. Yawancin waɗannan zuriya Larabci ne harshensu na yau da kullum. Hausar ta rage a bakin tsofaffi da wasu kalmomin girki.

Siyasa ita ce inda lissafin ya sauya. Babu jam'iyyu a Saudiyya, kuma Majalisar Shura da ke zama a Riyad sarki ne ke naɗa mambobinta 150. A 2013 Sarki Abdullah ya ba mata kujeru 30, amma ba a ware wa wata zuriya kaso ba. Zaɓukan da aka gudanar a 2005 da 2011 da 2015 na majalisun gundumomi ne kaɗai. Don haka yawan mutanen unguwa ba ya zama kujera, saɓanin Ingila ko Amurka inda 'ya'yan baƙi ke hawa da ƙuri'ar maƙwabtansu. Mai neman matsayi sai ya bi ta karatu da aikin gwamnati da kuma sanayya, a ƙasar da har gobe ake tambayar asalin ƙabila wajen aure.

Duk wannan ya shafi masu katin ƙasa ne. Dokar 1954 ta ɗora zama ɗan ƙasa a kan uba, ba wurin haihuwa ba. Saboda haka akwai waɗanda aka haifa a can, ba su taɓa ganin Kano ba, amma igama, wato takardar izinin zama, suke sabuntawa, wasu ma ko ita babu. Su ne a ƙasar Hausa ake kira takari. Tsarin Niɗaƙat na 2011, wanda ya tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa, ya buɗe wa Hausawi mai kati ƙofa, ya kuma ƙuntata ta ga ɗan uwansa marar shi.