Gubar Da Ke Kashe Gani

A can cikin ido akwai wani siririn tantani. Idan haske ya sauka kansa, sai ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙo da ɗan ƙaramin lantarki. Da haka ake gani.

Metanol guba ce, fara tas kamar ruwa. Akan same ta a gurɓatacciyar ogogoro. Hanta ce ke mai da ita asid mai kashe ƙarfin tantanin. Masana sun gwada ta a kan ɓeraye, suka ga lantarkin idonsu yana raguwa.

Cokalin shayi biyu na iya makantar da mutum, amma sai bayan awa 12 zuwa 24 yake fara ganin hazo-hazo. A 2015 ta makantar da mutane a Ode-Irele, Jihar Ondo, wasu suka mutu.

Wanda ya sha, a garzaya da shi asibiti tun kafin hazon ya fara.