Wane Ne Garin Turawa Mafi Tsufa A Amurka?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya aiko da takarda cewa gardama ta kaure a majalisarsu. Shin Turawan Ingila ne suka kafa garin Turawa mafi tsufa a jihohin Amurka?

AMSA: To malam, duk wanda ya ce Ingila a cikinku ya sha ƙasa. Garin shi ne San Agustin a jihar Fulorida, wanda har yau da mutane a cikinsa. Mutanen Sifen suka kafa shi a 1565, wato shekara 42 ke nan kafin na Ingila su kafa Jamestown a 1607.

Ba don noma ko zinariya aka kafa shi ba, gadi aka ajiye shi ya yi. Jiragen ruwan Sifen masu ɗauko azurfa daga Meziko ta gaɓar Fulorida suke bi in za su gida. Sai ga Faransawa sun kafa sansani a wurin a 1564. Sarki Filib na Biyu ya ga abin ba na wasa ba ne, ya tura sarkin yaƙinsa na ruwa, Pedro Menendez. Shi kuwa ya kafa garin, ya auka wa Faransawan, ya karkashe har waɗanda suka miƙa wuya. Wurin da aka yi wannan ta'asa Matanzas ake ce masa, ma'ana kashe-kashe.

Garin bai ga ta zama ba. Francis Drake na Ingila ya cinna masa wuta a 1586, 'yan fashin teku suka washe shi a 1668. Wannan ya sa aka fara ginin ganuwar dutse a 1672, aka gama a 1695. Da mayaƙan Ingila suka dawo a 1702 sun ƙone gari, amma ganuwa ta gagare su.

Ga inda abin ya shafe mu. A 1693 Sarkin Sifen ya yi shela cewa bayin da suka gudo daga gonakin Turawan Ingila a Karolina za a 'yanta su in sun shiga Katolika. Kada ka ce tausayi ne zalla, malam, ai su ma suna da bayi. So suke su karya tattalin abokan gaba, su kuma samu sojoji. Ko ma dai mene ne dalili, bayi suka yi ta ratsa daji da fadama suna zuwa. A 1738 aka ba su ƙauyensu mai suna Mose a arewa da garin, shugabansu kuwa Francisco Menendez, mutumin Mandinka daga Afirka ta Yamma.

Da Sifen ta miƙa wa Ingila Fulorida a 1763, mutanen Mose ba su tsaya jiran tsofaffin iyayengijinsu ba, suka shiga jirgi sai Kuba.