Mai Barkwancin da Ba Ya Gaggawa

A birnin New York kowa sauri yake yi. Direban tasi sauri, mai sayar da kofi sauri, hatta wanda ka tambaya hanya yana tafiya yake yi maka kwatance. Amma da dare ya yi, mutanen nan su ne za su biya kuɗi su zauna su saurari wanda ba ya gaggawar komai, kuma shi suka fi yi wa dariya.

Inda na fi ganin haka shi ne Comedy Cellar, a titin MacDougal da ke unguwar Greenwich Village. Daga Bronx, inda yawancin Hausawanmu suke zaune, jirgin ƙasa na layin D zai sauke ka a tashar West 4th, sauran ka ƙarasa da ƙafa. Tun 1982 aka buɗe wurin. Ɗaki ne a ƙarƙashin wani gidan abinci, rufinsa ƙasa-ƙasa, bangonsa na jan bulo, dandamalin kuwa taku uku ya gama shi. Wayarka a ambulan ake sa ta a liƙe. Mai zuwa bayan gida ma sai ya ratsa ta gaban dandamali, kowa na kallonsa. Masu barkwanci suna hawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kamar minti 15 zuwa 20.

Wani dare, bayan waɗanda suka yi ta tsalle da ɗaga murya har gumi ya jiƙa su, sai wani siririn mutum ya hau, hannu ɗaya a aljihu. Ya gyara makirfo, ya kurɓi ruwa, ya dube mu ɗaya-ɗaya kamar mu muka zo yi masa wasa. Can ya ce yana da maƙwabci, shekara da shekaru suna haɗuwa a matakala, kullum mutumin sai ya durƙusa ya gaishe da karen mai barkwancin, ya kira karen da suna, ya tambayi lafiyarsa. Sai ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na ji ƙarar ƙanƙara a kofin na kusa da ni. Sannan ya ce, a hankali, shi har yau maƙwabcin bai tambayi sunansa ba. Ɗakin ya ɓarke. Wata mata a gabana tana share hawaye da bayan hannu, shi kuwa gogan ko murmushi bai yi ba, ya tsaya yana jiran mu gama.

Sirrin yana cikin wannan jira. Mai sauri yakan taka dariyar da ya samu da wata maganar, mutane su haɗiye ta don kada na gaba ya wuce su. Mai natsuwa yana barin gurbi, mai sauraro ya ƙarasa zancen a ransa, sai dariyar ta zama tasa. Akwai kuma batun tsoro. 'Yan kallo suna jin fargabar wanda ke gabansu, kuma tana kama su. In suka ga mutum hankalinsa kwance, ko maganarsa ta faɗi ƙasa bai damu ba, su ma sai su saki jiki. Kowa ya san irin dattijon nan na majalisar ƙofar gida, wanda ba ya ɗaga murya, amma da ya gyara zama ya ɓare goro kowa zai yi tsit.

Kada a ɗauka rashin gaggawar nan lalaci ne. A garin nan mai barkwanci yakan zagaya gidajen wasa da yawa a dare guda, yana maimaita labari ɗaya wata da watanni, yana cire kalma, yana matsar da wurin numfashi. Abin da kake gani kamar yanzu ya faɗo masa, ya sha guga.

Wanda ya kai wannan salo ƙololuwa shi ne Dave Chappelle. A Washington aka haife shi a 1973, ya taho New York yana matashi. A gidan wasa na Apollo da ke Harlem 'yan kallo suka yi masa ihu har ya sauka, kuma ya yi wasa a fili a dandalin Washington Square, inda duk wanda bai ji daɗi ba tafiyarsa yake yi. A 2005 ya ajiye shirinsa na talabijin da kwantiragin dala miliyan 50 ya tafi Afirka ta Kudu. Da ya dawo sosai, a 2014 ya jera darare yana cika gidan wasa na Radio City Music Hall. Dubi yadda yake yi: ya zauna a doguwar kujera, sigari a hannu, ya yi nisa cikin labari har ka manta barkwanci ka zo ji, sannan ya saki kalma ɗaya, ya buga makirfo a cinyarsa yana dariya. A watan Janairun 2025, a shirin Saturday Night Live, haka ya zauna kusan minti 17, ya kawo labarin ziyarar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter a Falasɗinu, masu dariya suka koma sauraro.

Musulmi ne, amma bakinsa akwai batsa, kuma wasu maganganunsa sun ɓata wa jama'a rai ƙwarai, musamman a 2021. Ba wasan da za ka kalla da yara ko surukai ba ne. Ni abin da nake yabawa shi ne riƙon lokaci.

Mu ma muna da namu gwanayen. 'Yan kama sun daɗe suna ba da dariya a kasuwa da gidan biki, marigayi Rabilu Musa Ibro kuwa da fuska kaɗai yakan kayar da mutum. Abin da ke damuna shi ne samarinmu na yanzu masu barkwanci a TikTok da wuraren biki, da yawansu sun ɗauka ihu da zagi su ne sana'ar. Hausa tana da habaici da zaurance da jan zance, kayan da mai natsuwa ya fi kowa iya amfani da su. Don Allah samari, a rage ihun nan, a tsara labari, a ba mai sauraro damar ya yi dariyarsa kafin a ɗora wata.