Wane kan allura ya dace da garmahonka?

Kan allura shi ne ɗan akwatin da ke maƙale a bakin hannun garmaho. Allurarsa ta daimon ce ke bin layin faifai tana karkarwa, shi kuma ya mai da karkarwar lantarki.

Iri biyu ne suka fi yawa. A samfurin MM, maganaɗisu ne ke motsi. Ƙarfin da yake fitarwa kan kai milibolt 3 zuwa 5, kusan kowace amfilifaya mai kafar phono za ta ɗauke shi, in allura ta cinye kuma sai ka zare ta ka sa sabuwa. A MC, naɗin waya ne ke motsi. Sautinsa ya fi fita tar, amma sau da yawa ƙarfinsa bai kai milibolt ɗaya ba, sai an ƙara masa na'urar ɗaga sauti, allurarsa kuma ba ta ciruwa a gida. Ga tsada. Mai farawa ya tsaya a MM, kamar AT-VM95E na Audio-Technica ko 2M Red na Ortofon.

Kafin ka biya, duba mazauninsa a hannun garmahonka. Wani da sukurori biyu ake ɗaure shi, tazarar rabin inci, wani kuwa cusa shi kawai ake yi.

Sai bakin allurar. Mai siffar ƙwai ya fi tsamo siraran sautuka. Amma in tsofaffin faya-fayen Shata ko Ɗan Maraya ka gada, waɗanda suka sha ƙura da ƙarzuwa, mai zagayayyen baki ya fi haƙuri da su. Faifai mai juyi 78 kuwa allurarsa daban ce, ta fi kauri.

Nauyin dannawa, bi abin da kamfani ya rubuta, galibi wajen giram 2. Rage shi da yawa kan sa allura ta riƙa tsalle tana cin faifan.