Jita Mai Kunne Ɗaya

A 1950 kamfanin Fender na Amurka ya fito da jitar lantarki mai suna Esquire, a 1954 kuma Gibson ya biyo da Les Paul Junior, mai rahusa domin 'yan koyo. Kowacce kunne ɗaya gare ta, wato maganaɗisun da ke ɗaukar karkarwar tsirkiya ya miƙa wa lasifika.

Yau masu kunne biyu da uku sun cika kasuwa, amma ƙwararru na ta neman tsohon samfurin. A ganina, dalilin shi ne ba ya rufa wa makaɗi asiri: daɗin sauti da kuskure duk daga yatsu suke fitowa. Wanda ya ji kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, mai tsirkiya ɗaya tal, ya san haka. Ba girin-girin ba, ta yi mai.