Wutar Rana a Ƙasar Maraɗi: Ina Gaskiya, Ina Ƙanzon Kurege?

A farkon watan Agustan 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, bisa takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa. Mutanen Gazawa ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da ya biyo baya, domin a garinsu babban layin da ya taso daga Katsina yake sauka kafin ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Maraɗi, ɗaya Damagaram. Kafin wannan rana, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma darasin ya zauna, kuma tun daga nan fanon hasken rana ya yi kasuwa. Da kasuwarsa ta buɗe, maganganu ma suka buɗe, daga majalisun Sae Sabuwa har tashar motar Gidan Rumji. Wasu gaskiya ne, wasu rabi da rabi, wasu kuma ba su da tushe ko kaɗan.

Wadda ta fi daɗin ji ita ce cewa Nijar ta riga ta koma ga rana, ta huta da wutar maƙwabta. Ba a kai nan ba. Manyan tashoshin rana da aka fi sani biyu ne: ta Malbaza a jihar Tawa, mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, da ta Gorou Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, da ta fara aiki a 2023. Ta biyun ta rage wa Yamai raɗaɗin ɗauke wuta da rana, wannan gaskiya ne. Sai dai ko rabin bukatar babban birnin a tsakiyar bazara ba ta kai ba, kuma layin yamma take ciyarwa, ba namu ba. A gefenta akwai tashar gazuwal da aka buɗe a 2017 wadda ta ninka ta ƙarfi. A arewa, kamfanin SONICHAR yana ƙona kwal a Anou Araren tun farkon shekarun 1980 don ma'adinan Arlit da garin Agadas. Madatsar ruwa ta Kandaji, da ake sa ran za ta ba da megawat 130, ta sha tsaiko. Ita kanta wutar Najeriya, da mutane ke ɗauka duk daga madatsar Kainji take, mafi yawanta da iskar gas ake samar da ita. An ɗauki hanya, amma tafiyar da sauran nisa, a ƙasar da kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wuta, a ƙauye kuma abin ya fi haka muni.

Sai masu cewa fano yana kore hadari, ko yana kiran tsawa, ko yana sa ciwon daji. Babu ko ɗaya. Gilashi ne da siraran faranti a ƙarƙashinsa masu mayar da haske wuta; ba ya hayaƙi, ba ya tura komai sama. Tsawa tana bin abin da ya fi tsawo ne, ko bishiyar gawo ce ko eriya. Don haka babban aiki yana bukatar a binne masa ƙarfe a ƙasa, kamar kowane aikin wuta.

Akwai kuma masu ganin abin Turawa ne da aka kakaba mana don kada mu taɓa man fetur da kwal ɗinmu. Ƙorafinsu yana da gindi ta wani gefen: ƙasashen da suka gurɓata sararin samaniya ba mu ba ne, kuma kuɗin tashar Gorou Banda daga Tarayyar Turai da hukumar raya ƙasashe ta Faransa akasarinsu suka fito. Amma ilimin amfani da rana ba baƙo ba ne a nan. Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, nan kusa da mu. Shekaru da dama ya yi yana shugabantar ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, yana ƙera na'urorin dafa abinci da ɗumama ruwa da rana, tun lokacin da duniya ba ta damu da zancen ba. Yana ɓata mini rai idan na ji ɗan Maraɗi yana kiran wannan aiki na aro.

Inda ake yawan kuskure, har masu sayarwa, shi ne zaton cewa zafi ne abincin fano. Haske yake ci. Idan jikinsa ya wuce digiri 25, ƙarfinsa yana raguwa kaɗan-kaɗan, saboda haka fanon da aka manna a kan rufin kwano a watan Afrilu, ba a bar wa iska hanya ta ƙarƙashinsa ba, yana asara kullum. Da damina ba ya mutuwa kamar yadda ake faɗa. Ranar hadari yana ba da wuta, ƙasa da ta ranar da gari ya washe. Babban abokin gabarsa a wajenmu ƙurar hunturu ce. Ka shafa yatsa a kan gilashin bayan kwana uku na hazo, za ka ga layin da ya bari. Maganinta tsumma mai laushi da ɗan ruwa da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi. A fuskantar da shi kudu, a ɗan karkace, a kuma duba kada inuwar reshen dogon yaro ta faɗa ko a kusurwa ɗaya, domin ƴar inuwa tana iya jan ƙarfin farantin gaba ɗaya.

To, wutar rana kyauta ce? Ranar kyauta ce, kuma farashin fano a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 daga 2010 zuwa yau. Fano na kirki yana kai shekara 20 zuwa 25. Wahalar tana wajen dare. Batir mai ruwa, wanda akasarin masu cajin waya da masu firijin ƙanƙara ke saye, shekara biyu zuwa huɗu yake yi, in ana tsotse shi ƙaf kowane dare kuma ba zai kai haka ba. Na litiyom ya fi daɗewa, ya fi tsada. Da yawa daga masu cewa "sola yaudara ce" batir ne ya mutu musu, ko sun haɗa shi kai tsaye ba tare da na'urar daidaita caji ba, ko an sayar musu da fanon da lambar da ke bayansa ta fi ƙarfinsa. Kayan jabu suna nan a kasuwa, wannan ba jita-jita ba ce. Kafin ka biya, ka ce a fitar da shi rana a gwada da ma'auni a gabanka.

Haɗarin da ya kamata a ji tsoro, wanda ba a cika zancensa ba, yana cikin mataccen batir. Dalma ce a ciki da ruwa mai ƙuna. Fasa shi a tsakar gida, ko narka dalmar inda yara ke wasa, yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta yadda ba ta komawa daidai. A mayar da shi ga mai saye a rufe, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya.

Wannan matsala ta dare ita ta sa famfon ruwa ya fi kowane aiki dacewa da rana a ƙauyukanmu. Ba ya bukatar batir: yana jan ruwa da rana ya cika tanki a sama, da magariba mata su buɗe famfo su ɗiba. Mai lambu a fadamar Gulbin Maraɗi da ya saba sayen fetur kowace safiya don injin ban-ruwa, in ya iya haɗa kuɗin farko, abin da ya rage masa shi ne share ƙura da tsare kayan daga ɓarayi.